Da me kike haɗa shi? Tambayar da ba a yi wa ƙanwata ba

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, ku yi mini haƙuri ku kai ƙarshensa kafin ku yanke mini hukunci, don na san da an taɓo maganin gargajiya wasu sai su ce an zagi kakanni.

Na nemi izinin mai labarin kafin in rubuta. Ta ce in faɗa, amma ban da suna, ban da unguwa. Zan kira ta ƙanwata, don haka take a wurina. Iyayenta suna cikin waɗanda suka baro bakin Komadugu a 2015, suka yi zaman bukka a gefen babbar hanya kafin su shigo cikin garin Diffa. Shekara 3 ke nan tana shan maganin sida, ƙwaya ɗaya kowace rana. Mijinta ya sani, shi ma yana sha. Ni na sani. Daga mu uku babu wanda ya sani, har uwar mijin da suke gida ɗaya da ita. Awon jininta biyu a jere sun nuna ƙwayar cutar ta kwanta, har na'ura ba ta ganinta.

Sai ta samu ciki. A wurin awon ciki aka ba ta jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini da ake ba kowace mai ciki. Ita kuwa daɗi ta ji, ta ce ta samu mafaka: ta juye maganinta cikin leda ɗaya da na awo, duk wanda ya gani ai na ciki ne. Da asuba kafin kowa ya tashi sai ta watsa su baki gaba ɗaya, ta kora da ruwa, ciki babu komai. Ga kwaɗayin farar ƙasa ya kama ta, kullum da ƙullinta a bakin zane. Ƙwannafi in ya taso, ta aiki yaro wurin mai tebur ya sayo farin ruwan maganin olsa, in babu kuɗi ta jiƙa kanwa. Uwar miji kuma, saboda ƙauna fa, kowace Talata sai ta dawo daga kasuwa da saiwa da ɓawon itace ta jiƙa mata a tulu, wai don haihuwa ta zo da sauƙi.

Da aka sake awo, ƙwayar cutar ta dawo cikin jini.

Ma'aikaciyar da ta riƙe takardar ta dube ta ta ce, "Kina sha kuwa?" Ta ce, "Wallahi Madam ina sha, ko rana ɗaya ban tsallake ba." Aka ce mata, "Duk haka kuke cewa." Shi ke nan. Aka yi mata faɗa, aka tuna mata da abin da ke cikinta, aka sa mata ranar dawowa.

Ta kira ni tana kuka: "Yaya, sun ce ƙarya nake." Ni da takardar jami'ata ban san abin da zan ce mata ba, har a raina na fara tunanin ko dai tana mantuwa. Sai na kira wata ƙawata da ta karanci ilimin magunguna a Yamai. Ban gama bayani ba ta katse ni: "Da me take haɗa shi?"

Ga abin da na koya daga ranar, kuma ina jin kunyar cewa sai da abin ya zo gidanmu na sani. Ƙwayar da akasarin masu sida suke sha yanzu magani uku ne a haɗe: tenofobir, lamibudin da dolutegrabir, abin da ake taƙaitawa TLD. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne zaɓi na farko, kuma magani ne mai ƙarfi ƙwarai. Amma dolutegrabir yana da wani hali. In ya haɗu a cikin ciki da sinadarin ƙarfe, ko kalsiyum, ko magneziyum, ko aluminiyum, ko zink, sai ya manne musu, su dunƙule, hanji ya kasa tsotsewa. An auna wannan tun kafin a fito da maganin kasuwa. In aka sha shi tare da ƙwayar ƙarin jini ciki babu abinci, fiye da rabinsa ba ya isa jini. In kuwa da farin ruwan olsa ne mai aluminiyum da magneziyum, kusan kashi uku cikin huɗu ne ke tafiya a banza. Farar ƙasa fa? Ai yumɓu ce, aluminiyum na cikinta, kuma halinta ke nan ta riƙe duk abin da ta tarar a hanji. Haka garin maganin zawo na sashe da ake damawa a ruwa, shi ma yumɓu ne. Haka gawayi, wanda likitoci ma ke ba wanda ya sha guba don ya tsotse ta.

Ke nan ƙanwata gaskiya ta faɗa. Tana haɗiye ƙwayarta kullum, amma ba duka ke shiga jikinta ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gyaran bai kai kuɗin goro ba. Ka'idar tana rubuce a takardar cikin kwalin, da Faransanci da Ingilishi, da ƙananan baƙaƙen da ko ni sai na matso da ido: a sha dolutegrabir awa 2 kafin waɗannan abubuwa, ko awa 6 bayansu. Ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyum kuma ana iya shan su tare da shi in dai da abinci ne. Ba a ce mai ciki ta bar maganin ƙarin jini ba, Allah ya kiyaye, a wannan yanki namu da ƙarancin jini ke kashe mata wurin haihuwa. Lokaci kawai za a raba. Magana ce ta minti ɗaya, amma babu wanda ya yi mata ita.

Ku lura da abin da ya sa ta haɗa su leda ɗaya, ta sha da asuba a ɓoye. Tsoronmu ne. Tsoron bakina da bakinku. Da tana iya ajiye kwalinta a kan tebur kamar mai hawan jini, da ta sha bayan tuwon dare hankali kwance. Da uwar mijinta ta san abin da ke akwai, da wataƙila ita da kanta za ta ce a tambayi likita kafin a jiƙa komai. Mai ɓoye ciwo ba ya iya ƙin maganin da aka kawo masa, don in ya ƙi za a ce me ya sa. Muna da doka ta 2015 da ta hana nuna wa masu sida bambanci, maganin ma kyauta ne tun shekaru kusan 20 da suka wuce, amma doka ba ta shiga tsakar gida. Binciken ƙasa na 2012 ya ce kashi 0,4 cikin 100 na manya ne ke ɗauke da cutar a Nijar. Ƙarami ne in aka kwatanta da wasu ƙasashe, shi ya sa muke yi kamar babu su, su kuma suke yi kamar ba su ne ba.

To, mu zo kan jiƙon tulu da kwalaben kasuwa.

Mutane suna cewa ai itace ne, in bai yi magani ba ba zai cuta ba. Wanda ya ce haka bai taɓa shan filasko ba. Duk abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin taɓa wani abu a jiki, kuma hantar da ke sarrafa maganin likita ita ce dai ke sarrafa saiwar. Wasu itatuwan suna zaburar da hanta ta yi ta fitar da magani da sauri kafin ya yi aiki. Misalin da duniya ta fi sani wata ciyawa ce ta Turai mai furen ɗorawa, da Faransanci millepertuis, wadda Turawa ke sha don damuwar zuciya. A shekarar 2000 masu bincike a Amurka suka nuna tana rage wani maganin sida mai suna indinabir da kashi 57 cikin 100 a jini, kuma har yau an hana haɗa ta da dolutegrabir. Bayan shekara 2 aka gwada ƙwayoyin tafarnuwa, irin na kwalba, aka ga sun rage wani maganin, sakinabir, da kusan rabi. Tafarnuwa fa! Ba ta cikin miya ake nufi ba, wadda aka tattara aka matse ta zama ƙwaya ake nufi, ko wanda zai zauna ya haɗiye dunƙule guda kullum da sunan ƙarin garkuwar jiki.

In faɗi gaskiya ta ɗaya ɓangaren kuma, ba kowane ganye ba ne abin tsoro. A Zimbabuwe an gwada garin zogale a kan masu shan nebirapin, sakamakon da ya fito a 2017 bai nuna wata illa ba. Kwaɗon zogale abinci ne, a ci a ƙoshi. Sai dai ganyen na da kalsiyum da ƙarfe, don haka mai ɗibar garinsa cokali cokali yana afawa da safe, gara ya raba shi da ƙwayarsa.

Matsalata da kwalaben da ake tallatawa da lasifika a kan mota ita ce shi kansa mai sayarwar bai san abin da ke ciki ba. Ya saro ne daga Maiduguri ko Gashuwa ko Kano. Kwalba ɗaya wai tana maganin basir, sanyi, shawara, taifot, ƙarfin maza da "ciwon zamani". Babu awo, babu ranar lalacewa, kwalbar yau daban da ta makon jiya. In mai wankin ciki ce, mutum ya sha ƙwayarsa ya bi ta da ita, amai ko gudawa su fitar da komai. Hukumomin magani a ƙasashe da yawa sun sha kama maganin ƙarfin maza da aka rubuta wa "na itace zalla", alhali an daka ƙwayar bature irin Viagra an zuba. Wanda yake kan layi na biyu na maganin sida, mai ritonabir a ciki, in ya sha wannan ƙarfinsa na ninkuwa sau da yawa a jikinsa, jini ya faɗi, mutum ya yanke jiki. Ƴan layi na biyun nan masu shan atazanabir su ne kuma ya kamata su kiyayi kanwa da duk maganin ƙwannafi, don maganinsu sai da tsamin ciki yake narkewa.

Sai ƙoda. Tenofobir ta ƙoda yake fita, shi ya sa ake son a riƙa auna ta. Mu kuma mutanen wannan kwari mun san labarin ciwon ƙoda a Gashuwa, can sama a kan ruwan nan namu, yadda ya cinye gidaje. Ga zafin Diffa, ga mai aikin tattasai yini guda a rana ba ya shan ruwa isasshe, da dare ya saya diklofenak wurin mai tebur ya haɗa da jiƙon da ba a san asalinsa ba. Ƙodar mutum guda nawa za ta ɗauka?

Duk wannan da sauƙi a kan mutumin da zai ce maka ajiye na likita, nawa yana warkarwa gaba ɗaya. Wannan ba mai magani ba ne, kuma ba na jin nauyin faɗa. An yi shi a sama ma, ba a ƙasan kasuwa kaɗai ba. A Janairun 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce ya gano maganin sida, ya tara marasa lafiya ya hana su shan ƙwayoyinsu, yana shafa musu haɗinsa ana ɗauka a talabijin. Mutane suka mutu, waɗanda suka tsira wasunsu suka kai shi ƙara a 2018. A Afirka ta Kudu ministar lafiya, Manto Tshabalala-Msimang, ta yi shekaru tana tallata tafarnuwa da lemun tsami tana jan ƙafa wurin raba magani. Masu bincike na jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa jan ƙafar nan ya ci rayuka fiye da 330.000 tsakanin 2000 da 2005. In shugaban ƙasa da sojojinsa da kuɗinsa bai warkar da kowa ba, ina ga mai lasifika a bakin tasha?

Abin da ke sa yaudarar ta ci shi ne wanda ya daina magani ba ya faɗuwa nan take. Wata biyu, wata shida, yana jin garau, yana ba da shaida, mai kwalba yana ƙara samun ciniki. Wani ma zai je awo a ce ba a ga ƙwayar cuta ba, ya ɗauka jiƙo ne ya wanke shi, alhali aikin ƙwayar likita ne da bai gama sakinsa ba. Cutar tana nan a maƙale, tana jiran a ɗaga mata ƙafa. Wanda yake sha yana bari, ko yake sha rabi na shiga, shi ke koya mata yadda za ta gagari magani. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa ba: tenofobir da lamibudin suna danne ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasar nan. Mai ɗauke da su biyun in ya yanke magani farat ɗaya, hantar na iya tashi da ƙarfi. Ido ya yi ɗorawa, a ce shawara ce, a ƙara masa wani jiƙon.

Kada mu ƴan boko mu yi dariyar ƴan ƙauye. Ku duba wayoyinku. Mu ne muke cika WhatsApp da TikTok da hotunan kwalabe masu ƙyalli daga Sin da Amurka, "ƙarin abinci", "wankin jini", "ƙarfafa garkuwa", kwali ɗaya jikka 15 ko 20, ka kawo mutum uku a ba ka kamasho. Na san aiki ne babu, ni ma na zauna shekara biyu da takarda a hannu. Amma ka juya kwalbar ka karanta: kalsiyum, magneziyum, zink, ƙarfe, abubuwan nan da na lissafa a sama. Wa ya fi saurin sayen maganin "garkuwar jiki" in ba wanda aka ce masa garkuwarsa ta yi rauni ba? Ba zai gaya maka dalilinsa ba, kai kuma ba ka san abin da za ka gargaɗe shi da shi ba. Tsohuwa mai saiwa aƙalla dala ashirin take karɓa.

Ban zo in ce a kori masu maganin gargajiya ba. Wanda ya zauna a yankin nan tun Fabrairun 2015 ya san lokacin da aka rufe gidajen likita na bakin ruwa, aka hana hawa babur, mutumin Bosso ko Geskeru ko Tumur yana lissafin kuɗin mota da shingen bincike kafin ya zo karɓar magani. Ga ambaliya kuma, shekara bayan shekara tana yanke hanya. A waɗannan ranakun wanzami da ungozoma da mai saiwa su ne suka rage kusa da mutane. Kuma mai magani yana shimfiɗa maka tabarma, ya tambayi mutan gida, ya saurare ka. A likita layi ne da tsawa. Na san ma'aikatan sun gaji, mutum ɗaya yana aikin mutum biyar, wasunsu sun yi aiki a wuraren da ni ba zan iya kwana ba. Amma faɗan da ake yi wa wanda ya ce ya sha jiƙo, abu ɗaya yake koya masa: gobe kada ya faɗa.

Don haka roƙona ga masu ba da magani da masu awon ciki: ku ƙara tambaya ɗaya a kan "kina sha?". Ku ce, da me kike haɗawa, ƙarfe nawa, da abinci ko babu? Ku ambaci farar ƙasa da kanwa da jiƙo da sunansu, da fuska a sake, kamar abin da kowa ke yi, don kowa na yi. Mai ba da jan magani a ɗaki ɗaya da mai ba da na sida a ɗaki na gaba su riƙa magana da juna. Hukumar lafiya ta jiha ta sa ka'idar awa 2 da awa 6 a gidajen rediyo da Kanuri, Hausa, Fulatanci, Tubanci da Larabci, ba tare da an ce ga wanda ake nufi ba. Ƙungiyar RENIP+ ta masu ɗauke da cutar tana da mutanen da suka fi kowa sanin yadda ake wannan hira, a ba su wuri. Kowace 31 ga Agusta ana bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka, a yi jawabi a watse. Me zai hana a yi amfani da ranar a zauna da masu maganin Diffa, na gaskiyar cikinsu, a yi alkawari ɗaya: babu mai ce wa kowa ya ajiye ƙwayarsa? Wanda kuma ya ɗora lasifika yana shelar warkar da sida, ai ba a ɓoye yake ba, magajin gari yana jinsa kamar yadda muke jinsa.

Kai kuma ɗan uwa, ke ƴar uwa, da kike karanta wannan a ɓoye kina share tarihin waya: kada ki daina maganinki saboda rubutuna, kada ki daina na ƙarin jini. Ki tattara duk abin da kike sha, har ƙullin saiwar, ki zuba a leda ki kai wa mai ba ki magani ya gani. In ya yi faɗa ki daure, ki ce lokaci nake son ka raba mini.

Haka muka yi da ƙanwata. Na raka ta, muka juye ledar a kan tebur. Wannan karon wata ma'aikaciyar muka tarar, dattijuwa, ta ɗaga ƙullin farar ƙasa ta yi dariya ta ce ita ma ta ci a cikinta na fari. Ba a canza mata magani ba. Aka maida ƙwayarta dare bayan tuwo, jan magani da hantsi, ruwan olsa aka ce ta bari. Jiƙon tulu kuwa mijin ne ya shiga tsakani, ya ce wa tsohuwa, "Inna, likita ta ce yaron ya yi girma, a dakata da saiwa sai an sauka." Ƙarya ce, Allah ya yafe masa, amma ta karɓa.

Bayan wata 3 aka sake awo, ƙwayar cutar ta koma ta kwanta. Ta haihu, mace. Awon jaririyar na mako 6 ya fito babu komai. Saura na ƙarshe bayan yaye, shi muke jira yanzu. Farar ƙasar ce dai har yau in na je gidan sai na laluba bakin zanenta.